Yadda Na Goge Tsagen Inna

Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ni ce 'yar farinta, kuma a gidan da ta tashi uwa ba ta ambaton sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta ma tsayawa ta kalle shi ido cikin ido. "Ke" take ce mini. In ranta ya yi fari ta ce "ke 'yar nan." Mu shida ta haifa, biyar suka koma tun suna ƙanana, ni kaɗai na rayu, amma ko wannan bai sa ta sassauta ba. Mutanen gidanmu kunya suke kiran abin. Ni kuwa da nake yarinya ƙi na ɗauke shi, na kuma riƙe shi a ciki har na girma.

Kakanninmu daga ƙasar Gobir suka taso a ƙasa za su Makka. Guzuri ya ƙare musu a Jazira, yankin noma da ke kudu da Khartum, suka ce bari su tsinci auduga ta shekara ɗaya, shekarar da har yau ba ta ƙare ba. A can kambo, wato bukkokin 'yan ƙwadago da ke bakin gonaki, aka haifi Inna, wanzami ya yi mata tsagen gidansu tana jaririya: layuka daga gefen baki suna bazuwa har kusa da kunne, kunci ɗaya ya fi ɗaya da tsaga guda. Wanne ne ya fi, dama ko hagu, ban sani ba. Shekara arba'in da wani abu ina tare da fuskar nan, ban taɓa zama na ƙirga ba.

Ƙanwarta, wadda nake kira Inna ƙarama, ba ta da tsage. Kafin a haife ta mahaifinsu ya shiga birni ya ga yadda ake kallon mai irin fuskar, ya dawo ya hana. Inna ce ta goya ta, ita ta yaye ta, kuma da mahaifina ya rasu tare suka kwashe ni muka dawo Dar Salam, can bayan Umdurman, ɗaki ɗaya na jan laka da rumfar buhu. Inna tana soya gyaɗa tana dama godo-godo, wani kunun gero mai kauri, Inna ƙarama tana kaiwa bakin tasha. Da wannan aka sa ni makaranta, da shi na gama, na samu aiki a wata ma'aikata a tsakiyar Khartum. Aurena bai yi ƙarko ba, Allah bai ba ni haihuwa ba, na kama ɗan gida ni kaɗai a Alsahafa.

Larabcina na goge shi tas, har ba mai jin ƙamshin wani harshe a cikinsa. In aka tambaye ni daga ina, sai in ce Jazira. Ban yi ƙarya ba, ai daga can muke. Sauran kuma ba a tambaya ba.

Shugabar sashenmu 'yar arewa ce, daga garuruwan bakin Nilu, mace mai kirki irin kirkin wanda bai taɓa tsayawa a layi an ce ya kawo shaidar kakansa ba. A kan teburinta akwai hoton kakarta da tsage uku a kwance a kowane kunci. Shulukh suke ce masa, kuma kowa ya shigo sai ta nuna masa ta ce, "Dubi asali." Nan na gane ba tsagen ne abin kunya ba a garin nan, inda ya nuna ka fito ne.

Wata rana zazzaɓi ya kama ni, labari ya kai Dar Salam. Washegari da hantsi mai gadi ya ce ana nemana a ƙofa. Na fito na tarar da Inna tsaye a rana, ta hau mota uku, tana riƙe da kwanon godo-godo a ƙulle cikin tsumma. Daidai nan shugabarmu ta sauko daga tasi. Ta dubi Inna, ta dube ni.

"Ya ustaza, wace ce wannan? Kin san ta?"

Kafin in buɗe baki Inna ta sunkuyar da kai ta ce da Larabci, "'Yar maƙwabta ce." Ni take nufi. Haka take cewa ko a Dar Salam in baƙo ya tambaya, kowa kuma ya san abin da take nufi, a yi dariya a wuce.

Ni kuma na ce, "Haka ne. Wata tsohuwa ce a unguwarmu."

Shugabar ta matso tana leƙen fuskarta. "Wannan shulukh na Fallata ne, ko? Kai, sun sha wuya. Amma wallahi sun iya gyaɗa." Ta shige ciki. Fallata suke ce wa duk wanda kakanninsa suka zo daga yamma, irinmu.

Magana ɗaya muka yi ni da Inna, ita don kunyar so, ni don kunyar tsiya, kuma ta san bambancin. Ta miƙo mini kwanon ta ce, "Ke, ki sha da sanyinsa." Ba ta sake zuwa ba. Bayan haka sai dai ta ari wayar maƙwabta ta aiko mini saƙon murya da Hausa, in shiga banɗakin ofis in saurara a kunne, in goge kafin in fito. Ko ɗaya ban bari ba.

Ta rasu shekara guda kafin yaƙin da ya cinye Khartum, ciwon kwana huɗu. Na yi zaman makoki a Dar Salam, na gaya wa ofis cewa a Jazira aka yi rasuwar, hanya ba kyau, kada kowa ya wahalar da kansa. Amma matan Khartum ba a raba su da gaisuwar mutuwa. Suka matsa, na ce to zan yi sadakar arba'in a gidana na Alsahafa, su zo can.

Lokacin ne ake yayin rayar da hoton mamaci. Ka kai tsohon hoto, inji ya gyara shi, ya sa masa launi, sai ka ga mutum yana ƙyafta ido, yana juya kai, yana murmushi, in ka so har ya yi magana. Shugabarmu ta yi wa mahaifinta, wayarta ta zaga ofis kaf ana ta sharar hawaye. Ta dafa kafaɗata ta ce, "Ke ma ki yi wa hajja, ranar sadaka mu ga fuskarta, Allah ya jiƙanta." Na ce in sha Allahu.

Hoton Inna ɗaya ne a duniya. Ba ta yarda da hoto, in ta ga an ɗaga waya sai ta juya baya. Wannan ɗin ma dole ce ta sa, lokacin da ta je neman takardar zama 'yar ƙasa, takardar da har ta mutu ana ce mata ta dawo. Ɗan ƙarami ne, bai kai tafin hannu ba, fari da baƙi, tana kallon gaba a tsorace. Inna ƙarama ke ajiye da shi cikin gwangwanin alewa tare da carbin mahaifinsu.

"Me za ki yi da shi?" ta tambaye ni.

"Girma za a ƙara masa, Inna. Kwana biyu in dawo miki da shi."

"Ni ban ce yana bukatar girma ba." Ta jima tana juya shi a hannu. "Ya bitti, 'yata, ki riƙe shi da kyau. In ya ɓace ba ni da inda zan ƙara ganinta."

Na rantse mata da Allah.

Mai shagon hoton a kasuwar Alsahafa dattijo ne mai furfura a gemu, ya shekara talatin yana ɗaukar amare, yanzu kuma matattu sun fi kawo masa ciniki. Ya ɗora hoton a na'ura, Inna ta fito a allo ƙatuwa, ban taɓa ganin fuskarta kusa haka ba. Na kau da kai. Ya danna wani abu, wani layi ya bi fuskar daga sama zuwa ƙasa, da na waiwayo sai ga kunci sumul. Fatar ta yi haske, hancin ya ɗan miƙe, tsage ko ɗaya babu.

"La hawla," in ji dattijon. "Ma'alesh, ki yi haƙuri, ya ustaza. Injin ya ɗauka ƙarzuwar tsufa ce a jikin takarda, ya share. Haka yake yi mini da shulukh kullum. Bari in mayar da hannu."

Na ce, "Bar shi."

Ya juyo ya dube ni ta saman tabarau.

"Bar shi haka. Ya fi kyau."

Ba inji ne ya goge tsagen Inna ba. Inji kuskure ya yi, aka kuma ba ni damar gyarawa. Abin da na ji a lokacin sanyi ne a ƙirji, irin na wanda aka sauke wa kaya. Shugabarmu ba za ta gane tsohuwar bakin ƙofa ba.

Ya tambaya ko ina da muryarta a waya. Na ce babu. Ya ce ba damuwa, akwai muryoyin tsofaffi a ciki, in zaɓa. Ya kunna mini guda biyar, na ɗauki ta uku, mai taushi, Larabcin Khartum tsantsa, irin ta matan da ke zama a inuwa ana kawo musu shayi. Ya ba ni takarda in rubuta abin da za ta ce. Na zauna a kan benci na rubuta sunana. Sau biyu na rubuta shi. Sannan na ƙara: 'yata, hasken idona, ina alfahari da ke.

Da ya haɗa ya kunna, matar ta ɗago ido ta dube ni kai tsaye, ta yi murmushi, ta kira sunana. Na fashe da kuka a shagon mutane, kukan da ban yi ba ranar da aka ɗauki gawarta. Dattijon ya miƙo mini ruwa. Da zan tafi ya ce, "In tura miki na asalin ma a waya, yadda ya shigo?" Na ce babu bukata, ai takardar tana hannuna. Na isa gida na sa ta a ƙasan durowa, tsakanin takardun makarantata.

Ranar sadaka matan Dar Salam suka zo tun da safe, su bakwai, Inna ƙarama a gaba. Na ajiye su a tsakar gida wajen tukwane, na ce falo ya yi kaɗan. Suka zauna, sun saba a gidajen mutane, sai dai ba su zaci a nawa ba. Matan ofis suka iso bayan azahar cikin fararen tob, mayafin nan na fita kunya, suna ƙamshin turaren wuta. Aka yi addu'a, aka ci abinci, shugabarmu ta ce to a nuna mana hajja. Na haɗa waya da talabijin.

"Ma sha Allah! Dubi haske!"

"Ke kika ɗauko idonta."

"'Yar gidan mutunci, daga gani."

Matar ta ƙyafta ido, ta kira sunana, falo ya ɗauki shessheƙa. Aka ce a maimaita, na maimaita. A karo na uku ne Inna ƙarama ta shigo da tiren shayi. Ta tsaya a tsakiyar ɗaki tana kallon allon. Ta ajiye tiren a ƙasa a hankali, don ko a wannan halin ba za ta fasa kofin mutane ba.

"Wace ce wannan?" Da Hausa ta yi tambayar, da ƙarfi.

Na amsa da Larabci, ƙasa-ƙasa, na ce ta koma waje zan zo.

"Na ce wace ce wannan marar kunyar da ke kiran sunan 'yar fari a gaban jama'a? Yayata? Yayata ta mutu ba ta yi wannan rashin ta-idon ba. Ina tsagenta? Ke, ina kika kai fuskar uwarki?"

Shugabarmu ta ce, "Me take cewa, ya ustaza? Wane yare ne wannan?"

An ce tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Ni da ƙarya na naɗe tawa. Na ce, "Tsohuwa ce mai taya mu aiki. Mahaifiyata ta yi mata alheri da yawa, abin ne ya taɓa ta." Matan suka ce wayyo, miskina, wata har ta buɗe jaka ta tura mata sadaka a hannu. Inna ƙarama tana jin Larabci sarai. Ta dubi abin da aka sa mata a hannu, ta ajiye shi a kan tiren, ta fita.

Na bi ta kicin. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni.

"Ba ni hotona."

Na san ta. Da na ba ta, falo za ta koma ta ɗaga shi sama ta ce ga uwarta nan. Na ce, "Ya ɓace a shagon, Inna. Mutumin yana nema."

"Ya ɓace," ta maimaita.

"Wallahi yana nema."

Ta yafa mayafinta, ta kira matan, suka bar tukwane a kan wuta suka tafi. Hoton yana ɗaki na gaba, taku goma daga inda take tsaye.

Na yi niyyar mayar mata. Wannan gaskiya ne, ko da yake ba ta da amfani. Na ce bari ta huce. Na ce bari in samo yadda zan ce an gano shi. Sati ya zama wata, azumi ya zo na ce sai da salla. Sallar ba ta zo mana ba, yaƙi ya riga ta. Kwana tara ina kwance a ƙarƙashin gado a Alsahafa, rana ta goma maƙwabta suka samo mota, aka ce kowa ya fito yadda yake. Na ɗauki waya da caja da takardar aiki. Durowar ko tunanin buɗe ta ban yi ba, kowa yana cewa sati biyu ne mu dawo.

Shekara biyu na yi ina gudu daga gari zuwa gari, a ƙarshe na zauna a wata makaranta a gabas, mu talatin a aji ɗaya. Wanda ya rasa komai uwarsa yake nema, ko ya tsufa. Ni kuwa abin da nake da shi matar cikin waya ce. Duk ranar da na samu caji sai in kunna ta, ta dube ni, ta kira sunana, ta ce tana alfahari da ni. Na san ƙarya ce, ni na rubuta ta, amma yunwa ba ta tambayar wa ya dafa. Na kalle ta ya fi sau dubu.

Wata rana da rana tsaka ina layin ruwa, na ce bari in tuno Inna tana suyar gyaɗa. Na ga kaskon, na ga yashin da take juyawa, na ga hannunta da ƙunar da ke bayansa. Da na ɗaga ido zuwa fuskar, sai matar wayar ta juyo tana murmushi, kunci sumul. Na rufe ido na sake gwadawa. Ita ce dai. Na ajiye jarka na zauna a ƙasa, mata suna tambaya ko jiri ne. Garin gyaran gira na rasa ido, kuma ban san ranar da abin ya faru ba.

Da hanya ta buɗe na koma Alsahafa. Gidan ba ƙofa, ba taga, ba ko wayar lantarki a bango. Durowar an fasa ta an yi girki da katakonta a tsakiyar falo. Takarduna suna warwatse a tsakar gida, damina biyu ta bi ta kansu, sun zama dunƙulen laka. Na durƙusa na bi su ɗaya bayan ɗaya da farce, kwana uku. Shagon dattijon kuwa baƙin bango kawai na tarar, ba wanda ya san inda ya nufa.

Yanzu abin ya zo cikin waya, kowa yana yi da kansa. Na ɗora hoton matar na rubuta wa injin ya sa mata shulukh. Cikin ƙiftawar ido ya zana mata uku-uku a kwance, sak na kakar shugabarmu. Na goge na rubuta tsagen Gobir. Ya ba ni wata mata da gashin bakin kyanwa da duwatsu a wuya. Na yi ta yi har caji ya ƙare. Injin bai san mu ba, kuma ni da zan koya masa ban sani ba.

Mutum ɗaya ya rage a duniya da ya san fuskar nan.

Inna ƙarama tana nan Dar Salam, ba ta gudu ba, ta ce ba ta da inda za ta. Na same ta a rumfa tana ɓarar gyaɗa a tire, ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Na gaishe ta da Hausa, ta amsa kamar yadda ake amsa wa mai wucewa. Na durƙusa na faɗa mata komai, durowar, taku goman, lakar tsakar gida. Ban rage ko ɗaya ba. Hannunta bai daina ɓara ba.

"Na sani," ta ce. "Tun ranar na sani. Ke ba ki iya rantsuwa ba, idonki rawa yake."

"Inna, fuskarta ta ɓace mini. Ki faɗa mini yadda tsagen suke. Nawa a dama, nawa a hagu, daga ina zuwa ina. Zan sa a mayar."

"A mayar wa wa? Waccan 'yar gayun?" Ta yi wata dariya marar daɗi. "Ni da yatsa na san su. Ina bayanta a goye nake miƙo hannu ina bin su, har akwai wadda ta karye a tsakiya, inda ta motsa a hannun wanzami. Wannan ba a faɗarsa da baki." Ta karkaɗe zaninta. "Kawo wayar."

Na ba ta. Ta ɗaga cinya ta danne ta a ƙarƙashi. Ta sa hannu a ƙuryar gado ta jawo tandun kwalli, ta ɗiga masa man riɗi a murfi, ta karyo tsinken tsintsiya.

"Matso. Rufe ido."

Ta kama haɓata da hannu ɗaya, ta fara ja daga gefen bakina zuwa kunne. Tsinken yana da kaifi, kuma ba ta tausaya ba. Na yi ƙoƙarin ƙirgawa, amma tana komawa kan layi ta ƙara masa tsawo, ta tsallaka ɗaya kuncin ta dawo, ga hawaye yana neman ɓata mata aiki tana cewa in haɗiye shi. Na rikice tun ba a yi nisa ba. Da ta gama ta ja baya ta dube ni. Na san ba ni take kallo ba.

"Ga ta nan," ta ce. "Ba ni da madubi, an sace. Ki tashi ki hau mota haka, ki ratsa kasuwa, ki haye gada, ki je gidanki ki duba. Ita shekara saba'in ta yi tana yawo da su a garin nan. Ke na yini ɗaya na ba ki. Gobe ki zo ki karɓi wayarki."

Na fito. A cikin Dar Salam ba wanda ya kula, wata tsohuwa ma ta gaishe ni da Hausa ba tare da ta san ni ba. Na hau hafila, ƙaramar bas ɗin da ke shiga gari, na zauna a tsakiya, nesa da taga, kaina a sama. Na ce a raina ashe abin ba wuya.

Zan so in ce sojojin bakin gada na ji wa tsoro, don a kwanakin nan suna duban fuska kafin takarda. Amma ba mu kai gada ba. A babbar kasuwa wata mata ta shigo, tsarata, farin tob, jakar ofis, irin shigar da na yi shekara ashirin ina yi. Ban san ta ba, ba ta san ni ba. Ta tsaya a kaina, ta dubi kuncina sau ɗaya, ta tattare gefen mayafinta don kada ya taɓa ni.

"Ya Fallatiyya, matsa can."

Ban yi shawara da kowa ba, hannuna ne ya tashi. Na ja tob na rufe fuska har ƙarƙashin ido, kuma ba rufewa kawai na yi ba, na danna, na murza, dama da hagu. Sannan na ce mata bismilla, ga wuri, da Larabcina mai kyau, don ta ji ta san ta yi kuskure. Ta ce ma'alesh, ta zauna, muka yi hirar tsadar sukari har Khartum.

A gida akwai ɓallin madubi da ya rage a bangon banɗaki. Na sauke mayafin. Baƙi ne shafe a kumatu biyu, kamar na mai sayar da gawayi. Na shimfiɗa tob ɗin a rana ina neman ko layi ɗaya ya fito a jikinsa, babu.

Washegari na koma. Tana inda na bar ta, da tirenta. Ta ciro wayar ta riƙe a hannu.

"Nawa ne a dama?"

Ta ƙara da wata tambayar.

"Wadda ta karye fa, a wane kunci take?"

"Inna, ki sake yi mini. Don Allah. Wannan karon a nan zan zauna, ki ba ni wayar in ɗauki hoto, ba sai na fita ba."

"Na san ba sai kin fita ba," ta ce. Ta ajiye wayar a ƙasa ta tura mini ita da yatsan ƙafa. "Sau ɗaya ake tsaga, ya bitti."

Ta jawo tiren ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta.